Dandalin Ƙasa na Samaru da Bashin da Narambaɗa ke Bin Mu

A shekarar 1976 aka kammala wasu gine-gine guda biyu a ƙasar nan waɗanda manufarsu ɗaya ce, wato samar wa makaɗa da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo wurin da za su tsaya gaban jama'a su baje kolin fasaharsu. Na farko shi ne Babban Gidan Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu a birnin Ikko, wanda gwamnatin soja ta gina lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara. Na biyu kuwa wani ɗan madaidaicin gini ne na jar ƙasa mai rufin ciyawa, a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Na Ikko babu wanda bai san shi ba, ko da a hoto ne. Na Samaru kuwa, in ban da waɗanda suka zauna a jami'ar, kaɗan ne suka taɓa jin labarinsa. Duk da haka, in dai ana batun abin da zai amfani mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ne, to tarihin wannan ƙaramin gini shi ya fi cancanta a tsaya a kansa, domin yankin da ya ba ƙasar Hausa wasu daga cikin gwanayen makaɗanta har yau bai samu wani sanannen wuri da ake taruwa a saurari abin da suka bari ba.

Kafin mu isa Samaru, ya kamata mu fara daga harshe. Hausa ba ta da wata kalma tilo da ke nufin ginin da aka keɓe domin sauraren kiɗa da waƙa. Muna da dandali, muna da fage, muna da ƙofar fada da farfajiya da bakin kasuwa, amma dukkansu sarari ne, babu mai rufi a cikinsu. Dalili kuwa shi ne, a tsarin Bahaushe waƙa ba ta da mazauni guda, tana bin ubangidanta ne da lokacinta. Makaɗin fada wurinsa ƙofar fada, musamman daren Juma'a da ranakun Salla da na naɗin sarauta. Makaɗin noma wurinsa gona ranar gayya. Makaɗin maza wurinsa fagen dambe ko na kokawa ko dajin farauta, su kuwa 'yan mata dandali ne nasu idan wata ya yi fari. Lokacin da David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamusunsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, bayan bincike a ƙasashen Zazzau da Katsina, sai da suka haɗa bayanin kayan kiɗan da na masu yi da na lokutan da ake yi, domin ɗaya ba ya fahimtuwa sai da sauran. A wannan tsari babu tikiti kuma babu ƙofar da ake tsarewa. Mai sauraro ba ya biya kafin ya ji, sai waƙa ta ratsa shi sannan ya yi kyauta, daga kwabo har zuwa riga da doki.

A cikin wannan tsari ne arewacin Zamfara ya yi zarra. A garin Tubali na ƙasar Shinkafi, wadda a da take tare da Isa, aka haifi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, wanda kuma har gobe manazarta ke komawa ga Bakandamiyarsa idan ana maganar ƙwarewa a sarrafa harshe. Ƙasar Zurmi ita ta ba mu Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta da sauran mazaje. Idan aka ɗan gangara kudu da yamma, sai a tarar da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, da Salihu Jankiɗi. Wannan tarin baiwa ya samu ƙasa mai albarka da ta ciyar da shi. Akwai fadoji masu riƙe makaɗa, akwai kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da ke haɗa fatake daga nan gida da Jamhuriyar Nijar, sannan daga 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda, ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga da fatu. Inda kuɗi ke juyawa kuwa, nan makaɗi ke sauka.

Ga mai nazarin harshe, waƙoƙin waɗannan bayin Allah taska ce ta Hausar yamma. A cikinsu ake jin "shina" a gurbin "yana", da "na" da "ta" a gurbin "ne" da "ce", da "hwari" a gurbin "fari", tare da ɗimbin kalmomin sarauta da na doki da na yaƙi da na noma waɗanda yaran yau ba su gaje su ba. Duk wanda ya rasa waɗannan waƙoƙi, ya rasa wani babban yanki na tarihin harshen kansa.

Karo na farko da kiɗan Hausa ya shiga tsakanin bango huɗu, aka kuma tsare ƙofa da tikiti, ya shiga ne ta gidan aro, wato sinima. A 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, ta hallaka mutum 331, abin da mutane da yawa suka ɗauka ishara ce. A daidai wannan lokaci ne kuma aka buɗe sinimar Palace a Jakara, cikin birni, bisa rashin amincewar malamai da jama'ar gari da dama. Da tafiya ta yi tafiya, gidajen sinima na biranen Arewa suka zama wuraren da irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos ke yin wasa ga duk wanda ya sayi tikiti. Wannan ya 'yantar da makaɗi daga dogaro da ubangida guda, amma kuma ya shafa wa sana'ar baƙin jinin da sinima ke da shi a idon mutanen kirki, ta yadda dattijo ko matar aure ba sa iya taka wurin. Hanya ta biyu ita ce rediyo. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, wanda aka kafa a 1962, ya kai muryoyin makaɗan Zamfara har inda ƙafarsu ba ta taɓa zuwa ba. Sai dai rediyo murya kawai take ɗauka, ba ta ɗaukar taro, ba ta kuma nuna yadda 'yan amshi ke karɓa da yadda sanƙira ke shiga tsakani.

Ana cikin wannan hali ne ƙasa ta shiga shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wato FESTAC. An soma ginin Iganmu a 1973 zamanin Janar Yakubu Gowon, aka gama a 1976 zamanin Janar Olusegun Obasanjo. Wani kamfanin ƙasar Bulgeriya ne ya yi aikin, kuma fasalin ginin an kwaikwayo shi ne daga wani gidan wasanni da ke birnin Varna na can ƙasarsu. A lokacin, babban zaurensa yana ɗaukar mutum 5,000. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977 aka yi bikin, ƙasashe fiye da 50 suka halarta, manyan mawaƙa irin su Miriam Makeba da Stevie Wonder suka zo, mu kuwa a Arewa aka ba mu hawan daba a Kaduna. Bayan an watse sai gaskiya ta yi halinta. Gini ne da ba ya rayuwa sai da wutar lantarki da na'urorin sanyaya ɗaki da kayan gyara daga ƙasashen waje. Tun farkon shekarun 1990 aka rufe babban zauren, ya yi kusan shekara 30 babu mai shiga. Sai a 2020 aka miƙa ginin ga kwamitin bankunan ƙasar nan, aka sa masa sunan Wole Soyinka a 2024, aka sake buɗe shi ranar 1 ga Oktoban 2025, bayan an kashe kimanin Naira biliyan 68 a ta bakin Gwamnan Babban Banki. Muna taya su murna, amma mai karatu ya san babu wata ƙaramar hukuma a Zamfara da za ta iya bin wannan sawu.

Labarin Samaru daban yake tun daga tushe. A 1975 Jami'ar Ahmadu Bello ta soma koyar da wasan kwaikwayo a ƙarƙashin Sashen Ingilishi, bisa jagorancin Michael Etherton. Kafin zuwansa Zariya, wannan malami ya koyar a Jami'ar Zambiya, inda shi da ɗalibansa suka kafa wani dandali a sarari mai suna Chikwakwa, suna kuma fita ƙauyuka suna wasa da harsunan mutanen wurin. Saboda haka ya zo da ra'ayin cewa zaure irin na Turai, inda 'yan wasa ke bisa dandamali a gaba, 'yan kallo na jere cikin duhu kamar 'yan makaranta, bai dace da yadda mutanen Afirka ke wasa da kallo ba. A daidai lokacin kuma akwai wani matashi Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich yana koyar da zanen gine-gine a jami'ar. Shi ma ya yi aiki a Maroko, ya ratsa Sahara, ya ga gine-ginen ƙasa iri-iri kafin ya iso ƙasar Zazzau. Shi ne ya zana ginin, magina na gargajiya kuma suka ɗora shi da hannunsu.

Fasalin da suka ɗauka na gidan Bahaushe ne. Akwai fili a tsakiya wanda samansa a buɗe yake kamar tsakar gida, kewaye da shi kuma ɗakuna ne masu zagaye da jinka, bakinsu na fuskantar filin, katanga ta haɗe su, an yi mata zayyana irin ta maginan Zazzau. Hikimar da ke ciki ita ce babu wurin da aka ce nan ne na 'yan wasa har abada, can kuma na 'yan kallo. Yau a yi wasa a tsakiya jama'a su kewaye, kamar fagen dambe. Gobe a yi shi a bakin ɗaki guda jama'a su fuskance shi, kamar ƙofar fada. Jibi kuma a rarraba shi ɗaki-ɗaki, mai kallo yana juyawa yana bin labari. Wato dai an ɗauko dandali da fage da ƙofar fada, waɗannan kalmomi da muka ambata a baya, an kewaye su da katanga guda ba tare da an kashe ɗabi'arsu ba. Zariya kuwa ba baƙuwa ba ce ga gwanintar gini da ƙasa, domin a nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19, ginin da masana daga ko'ina suke zuwa nazari.

Shekarun farko na wannan dandali, wanda ɗalibai ke kira Drama Village, sun nuna cewa gini yana iya koya wa mazaunansa hali. Da yake wurin bai yi kama da ofis ba, kuma ba ya tsorata talaka, malamai da ɗalibai irin su Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah ba su tsaya jiran jama'a su zo ba. Daga ƙarshen shekarun 1970 suka riƙa fita zuwa garin Samaru da Soba da Maska da Bomo, su zauna da manoma su ji matsalolinsu na taki da filaye da ruwan sha da rashin lafiya, su mayar da su wasa da Hausa, da kiɗa da waƙa, a yi a dandalin ƙauye, a kuma tattauna bayan an gama. Na Soba shi aka sani da Wasan Manoma. Wannan salo na amfani da wasa domin ci gaban al'umma ya sa sunan Zariya ya shiga littattafan da ake karantawa a jami'o'in duniya, kuma Etherton kansa ya kawo darussan da ya koya a cikin littafinsa kan bunƙasar wasan kwaikwayo a Afirka, wanda ya fito a 1982. Shi kuwa Ehrlich ya koma Amurka ya zama sanannen mai zanen gine-gine a Los Angeles, bai kuma daina ambaton abin da ya koya daga ginin ƙasa na Afirka ba. Yau kusan shekara 50 ke nan, ɗan ƙaramin reshen nan ya zama cikakken sashe mai zaman kansa, dandalin kuma yana nan ana amfani da shi. Ɗan hakin da aka raina ke nan.

Akwai wani dalili na ilimi da ya sa irin wannan gini ya dace da waƙar Hausa, kuma a nan ne harshe da gini suke haɗuwa. Tun lokacin da Wallace Sabine na Jami'ar Harvard ya yi lissafin da aka gina zauren kiɗa na birnin Boston a kansa a 1900, masana suka san cewa kowane ɗaki yana da tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu a cikinsa. Shahararren zauren Musikverein na birnin Viyana, wanda aka buɗe a 1870, sautinsa yana kai kusan daƙiƙa biyu, abin da ke ƙara wa kiɗan goge da busa na Turawa armashi. Amma ɗakin da ake son a ji magana sarai, ana so ya tsaya wajen daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. Zauren Royal Albert na London, wanda aka buɗe a 1871, ya yi fama da amsa-kuwwa har kusan shekara 100, sai a 1969 aka rataya wasu fayafai a rufinsa aka shawo kan matsalar.

To, waƙar Hausa magana ce kafin ta zama kiɗa. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali. Tsawon wasali kaɗai ya raba "gari" na zama da "gari" na tuwo, karin sauti kuma ya raba "kai" na jiki da "kai" da ake nuna mutum da shi. Kalangu da kotso suna bin hawa da saukar muryar ne, har su faɗi kirari ba tare da an buɗe baki ba. Zambo da habaici da salon magana na irin su Narambaɗa suna rataye ne a kan gaɓa guda, in ta ɓace wa kunne, ɗan waƙar gaba ɗaya ya tafi. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin taro na siminti da rufin kwano, aka ƙure lasifika, ya san yadda kalmomi ke cakuɗewa su zama hayaniya. A dandali irin na Samaru kuwa, sama a buɗe take, sauti ba ya dawowa daga rufi, jinka tana shanye na gefe, katangar ƙasa mai kauri kuma tana tare hayaniyar waje tana rage zafi. Muryar mutum guda da 'yan amshinsa ta isa ta cika wurin ko an ɗauke wuta.

Na san mai karatu yana da tambayoyi biyu masu nauyi, kuma bai kamata a kauce musu ba. Ta farko ta addini ce. Zamfara ita ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, ta soma aiki a Janairun 2000, kuma malamai da yawa suna da matsayi mai tsauri a kan kiɗa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya soki wasu nau'o'in kiɗa da taruka masu cakuɗa maza da mata. Amma shi ɗin ne kuma, tare da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u, suka mayar da waƙa hanyar karantar da jama'a, tambura kuma ba su bar fadojin daular da suka kafa ba. Imfirajin Aliyu Namangi da murya kawai ake rera shi, ya kuma shiga gidajen da wani littafi bai shiga ba. Abin da ya ɓata sunan sinima shi ne abin da ke faruwa a cikinta da kewayenta, wanda kuma al'umma ba ta da iko a kansa. Dandalin da sarakuna da malamai da 'yan boko suka zauna suka shata masa ƙa'ida, yana iya ɗaukar waƙoƙin fada da na noma, da rubutattun waƙoƙi, da muhawarar ɗalibai, da tatsuniya, da tashe a watan azumi, da rana ta musamman ga mata. Abin da ya faru a 2016, lokacin da aka soke shirin gina ƙauyen fina-finai a Ƙofa ta Jihar Kano saboda adawar jama'a, ya isa darasi: duk abin da aka sauko da shi daga sama ba tare da shawara ba, ba zai zauna ba.

Tambaya ta biyu ta fi zafi. Ana kashe mutane, ana sace su, ƙauyuka sun watse, manomi ba ya iya zuwa gonarsa, wa ke ta dandali? Gaskiya ne tsaro shi ne gaba da komai, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗauki kuɗin tsaro ko na asibiti a yi gidan wasa. Sai dai a lura, wannan masifa da ta addabi yankin fiye da shekara 10 ita ce ta rushe dandalin gargajiya ɗin kansa. Gayya ta yi wuya, farin wata ya zama abin tsoro, hanyoyin da makaɗa ke bi daga gari zuwa gari sun zama tarko. A Satumban 2021 har kasuwannin mako-mako aka rufe, aka katse layukan waya a faɗin jihar. Sana'ar da ake gado ta baki da kunne ba ta jure irin wannan yankewa. Tsohon ɗan amshin da ya haddace waƙoƙi barkatai, in ya rasu yana gudun hijira a wani gari, ya tafi da su ke nan, ba a kuma sake gina su kamar yadda ake sake gina gada. Wani abin takaicin kuma shi ne, waƙa ba ta zama babu ubangida. Mun ji yadda waƙoƙin yabon 'yan bindiga suka riƙa yawo a wayoyin matasa. Idan mutanen kirki suka janye hannunsu daga wannan fage, wasu za su shimfiɗa tabarmarsu a wurin, yaro kuma zai tashi yana jin kirarin wanda ya kori iyayensa daga gida.

Wa zai ɗauki nauyi? A nan ma tarihi yana da abin faɗa. A birnin Leipzig na Jamus, attajirai ne suka haɗa kuɗi a 1743 suka riƙe makaɗa, a 1781 kuma aka gyara musu wani zaure a saman gidan 'yan kasuwar tufafi, wanda daga gare shi sanannen zauren Gewandhaus ya samo sunansa. Zauren Viyana ƙungiyar masoya kiɗa ce ta gina shi. Zauren Carnegie na New York, wanda aka buɗe a 1891, attajiri guda ne ya biya, kuma da aka tashi rushe shi a 1960, mutanen gari ne suka tashi tsaye har hukumar birnin ta saye shi. Ashe ba dole sai an jira gwamnati ba. Shinkafi da Ƙaura da Zurmi ba su rasa attajirai da manyan ma'aikata da 'yan boko a Abuja da Kaduna da Kano da Sakkwato ba, waɗanda da yawansu waƙoƙin Narambaɗa ne ke raka su a mota.

Shawarata ita ce a fara da Ƙaura Namoda, domin tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1983, wato akwai harabar da ke da katanga da masu gadi da ɗalibai da malamai. A nemi fili kaɗan a ciki ko kusa da ita, a kira maginan gargajiya na yankin su yi aiki tare da ɗalibai, a ɗora dandali mai ɗaukar mutum ɗari biyu ko uku bisa tsarin Samaru, da tubali da azara da makuba. A gefensa a yi ɗaki guda mai kyakkyawan rufi na ajiyar sauti, inda za a tara kwafin abin da ke Rediyon Kaduna, da abin da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta tattara, da kasa-kasan da ke hannun jama'a, a mayar da su cikin kwamfuta, a ajiye kwafi a Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Aikin da irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka yi na rubuta tarihin makaɗa ya riga ya share hanya. Abin da ya fi gaggawa, wanda ba ya ma jiran gini, shi ne a bi sauran 'yan amshi da 'ya'yan makaɗa da suke raye a ɗauki muryoyinsu da bayaninsu tun da sauran lokaci.

Ginin ƙasa yana da nasa sharaɗi, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Yana son yaɓe a kai a kai, jinka tana son sauyi kuma tana tsoron wuta, filin da ba rufi kuma damina tana rage masa aiki. Amma duk waɗannan abubuwa ne da hannun mutanen gari ke iya yi, ba sai an nemo kuɗin waje ko injiniya daga Bulgeriya ba. A birnin Jenne na ƙasar Mali, kowace shekara mutanen gari ke fitowa kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe babban masallacinsu, ranar kuma ta zama biki. Idan masarautun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suka karɓi yaɓen dandalin bi da bi, shekara-shekara, sun sami dalilin haɗuwa da zai ƙara musu zumunci.

Narambaɗa da Kassu da takwarorinsu sun yi nasu, sun ɗaukaka sunan sarakunanmu da garuruwanmu, sun adana mana harshe a lokacin da masu rubuta shi ba su da yawa. Abin da ya rage namu ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba: fili kaɗan, da ƙasa, da ciyawa, da ɗakin ajiya guda, da mutane goma masu riƙon amana da za su zauna su fara. Ina kira ga ƙungiyoyin ci gaban waɗannan garuruwa uku da su sa wannan batu cikin ajandar taronsu na gaba, su kuma tura wakilai Samaru su gani da idonsu, tun da gani ya kori ji. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.